WUƘAR INJIN YANKAN CIYAWA DA YADDA AKE KULA DA ITA

Da zarar damina ta kankama, babu aikin da ke cin lokaci a makarantar kwana kamar yankan ciyawa. Filin ƙwallo, gaban azuzuwa, kewayen ɗakunan kwana, gidajen malamai da harabar majami'a, duka sukan rufe cikin mako biyu ko uku idan aka yi sakaci. A makarantu da yawa da langa-langa ɗalibai suke yin wannan aiki. Waɗansu makarantu kuwa sun sami injin turawa, ko ƙaramar tarakta wadda mutum yake hawa yana tuƙawa. Amma bayan damina ɗaya ko biyu sai a fara jin kuka cewa injin ya daina yanka kamar dā. Sau da yawa akan kira makanike ya kwance kafireta ko ya canja fulogi, alhali kuwa matsalar tana can ƙasa, wurin wuƙa. Nufin wannan rubutu shi ne a bayyana wa ɗalibai, da malamai, da 'yan ikilisiya masu kula da fili, yadda wuƙar nan take aiki, abin da ke cinye ta, da abin da za a yi domin a sami yanka mai kyau ba tare da an ji wa kowa ciwo ba.

TAƘAITACCEN TARIHI

Wani Baturen Ingila mai suna Edwin Budding ne ya ƙago injin yankan ciyawa na farko a shekarar 1830, a kusa da garin Stroud. Dabarar ta zo masa ne daga wani inji da ya gani a masaƙa, wanda ake aske gashin ulu da shi domin yadi ya yi sumul. Injin nasa yana da wuƙaƙe a naɗe jikin wani abu mai kama da ganga, suna juyawa suna gogar wata wuƙa da ke kwance, wato yankan almakashi ke nan. A 1832 kamfanin Ransomes na garin Ipswich ya sami izinin ƙera shi. Manyan irinsa dawakai ne suke ja, har akan sa wa dawakin takalman fata don kada kofato ya ɓata fili. A 1902 kamfanin nan na Ransomes ya fitar da mai aiki da fetur.

Irin wanda muka fi sani yau, mai wuƙa ɗaya a kwance tana juyawa kamar fanka, ya yaɗu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da ƙananan injuna suka yi araha. A ƙasar Ostareliya, Mervyn Victor Richardson ya ƙera nasa mai suna Victa a birnin Sydney a 1952. A Amurka kuwa, kamfanin John Deere ya fitar da ƙaramar taraktarsa ta farko ta yankan ciyawa a 1963, mai lamba 110, da inji mai ƙarfin doki 7.

Abin lura a cikin tarihin nan shi ne, an ƙera waɗannan injuna ne domin filayen ƙasashen da ciyawa take rufe ƙasa ruf kusan duk shekara. Filin da ke shan rani na wata shida ko bakwai, mai yashi da tsakuwa da suri, ya fi wahalar da wuƙa ƙwarai. Saboda haka kulawar da za a ba ta a nan dole ta fi wadda littafin injin ya faɗa.

YADDA WUƘA TAKE YANKA

Duk ɗalibin da ya taɓa riƙe langa-langa ya san cewa idan ya kai sara a hankali, ciyawa kwanciya kawai take yi ta sake tashi. Sai ya wurga hannu da sauri take yankewa. Haka wuƙar inji take. Ba ta da abokiyar gogawa kamar almakashi, da gudu take tsinke ciyawa kafin ciyawar ta sami damar kaucewa.

Bari mu yi ɗan lissafi. Tarakta mai faɗin yanka inci 42 tana da wuƙaƙe biyu, kowace tsawonta kimanin inci 21, wato santimita 53. Idan wuƙa tana juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, sau 50 ke nan a daƙiƙa ɗaya. A kowane juyi bakinta yana zagaya da'ira mai tsawon mita ɗaya da santimita 67. Idan aka haɗa, bakin wuƙar yana gudun kimanin kilomita 300 a awa ɗaya. A Amurka ƙa'idar masu ƙera injunan ta hana a wuce ƙafa 19,000 a minti ɗaya, wato kusan kilomita 350 a awa. Duk dutse ko ƙusa ko guntun waya da wuƙa ta ɗauka, da irin wannan gudu take jefa shi.

Wuƙar tana da kaifi a kai biyu, saboda haka tana kai sara sau 100 a daƙiƙa. Idan tarakta tana tafiyar kilomita 6 a awa, tsakanin sara da sara ba ta matsa gaba fiye da santimita 2 ba. Ma'anar wannan ita ce, ɗan ƙarshen wuƙar ne yake fara haɗuwa da sabuwar ciyawa kullum, shi ne kuma yake yin kusan dukan aikin. Wannan ne dalilin da ya sa ƙarshen yake fara cinyewa tun tsakiyar wuƙa tana da fentinta.

Aiki na biyu na wuƙa shi ne jan iska. Idan mai karatu ya duba, zai ga bayan kowane kaifi an lanƙwasa ƙarfen sama kamar fiffike. Sa'ad da wuƙa take juyawa, fiffiken nan yana zuƙo iska daga ƙasa, ciyawar da taya ta take ta miƙe tsaye, kaifi ya same ta daidai, sa'an nan iskar ta fitar da yankakkiyar ta ƙofar gefe. Kwanon ƙarfen da ya rufe wuƙaƙen shi ne yake tsare iskar yana bi da ita. Don haka yanka mai kyau yana bukatar kaifi, da gudu, da iska, su uku tare.

ABIN DA KE CINYE WUƘA

Babban abokin gāban wuƙa shi ne yashi. Wani masanin duwatsu Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara ma'aunin taurin abubuwa daga 1 zuwa 10 a shekarar 1812. A kan wannan ma'auni ƙwayar yashi tana kan 7, ƙarfen wuƙa kuwa bai kai 6 ba. Wato yashi ya fi ƙarfe tauri, shi ya sa ake wasa wuƙa da dutse. Iskar da fiffike yake zuƙowa ba ta zaɓe, da ciyawa da yashi duka take ɗagawa. A filin da ke da sanƙo nan da can, kamar gaban raga inda mai tsaron gida yake tsayawa, wuƙa tana juyawa ne cikin ƙurar yashi, tana goguwa sau 50 a kowace daƙiƙa.

Ita kanta ciyawa tana da nata rabo. Ganyen ciyawa yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi na sinadarin da yashi yake da shi, waɗanda take zuƙa daga ƙasa. Wanda tofa ta taɓa yankar masa hannu ya san haka. Ciyawa mai tauri irin su tofa da gamba da kyasuwa, musamman idan sun tsufa sun fara bushewa, sun fi kiri-kiri saurin dakushe wuƙa.

Sai kuma karo. Dutse, kututture, saiwar itace da ta fito sama, suri, guntun bulo, turakun da aka kafa ranar gasar wasanni aka manta ba a cire ba, kowannensu yana iya ɓantare kaifi ko ya lanƙwasa wuƙa a karo ɗaya. Na ƙarshe shi ne tsatsa. Ɗanyar ciyawar da ta manne a ƙarƙashin kwano tana riƙe danshi, tana cin wuƙa da kwanon tare.

Cinyewar wuƙa iri uku ce, kuma ya kamata a bambanta su. Ta farko, kaifi ya dakushe ya yi kumburi kamar bayan cokali. Wannan wasawa take bukata. Ta biyu, ƙarshen wuƙa ya guntule ya yi zagaye, wuƙar ta rage tsawo. A tarakta mai wuƙa biyu ko uku an jera su ne yadda yankan wata zai ɗan shiga cikin na wata, to idan tsawo ya ragu sai a riƙa ganin siririn layin ciyawa a tsaye a tsakiya. Wasawa ba ta mayar da tsawo. Ta uku ita ce mafi hatsari: yashi ya cinye gindin fiffike, inda ƙarfen ya lanƙwasa, har ya yi siriri kamar gwangwani, wani lokaci ma ya tsage. Irin wannan fiffike yana iya ɓallewa ana cikin aiki ya fita kamar harsashi. Wuƙar da ta kai wannan hali ba ta da gyara, sai a jefar.

FILI YANA FAƊIN ABIN DA KE DAMUN INJI

Ba sai an kwance kome ba kafin a gane matsala. A zagaya filin kwana ɗaya ko biyu bayan yanka, a tsuguna a duba.

Idan kan ganyen ya yi zare-zare, ya yi fari ko ruwan ƙasa, filin duka ya yi kamar an yayyafa masa toka, to wuƙa ta dakushe, yaga take yi. Ganyen da aka yanka da kaifi bakinsa a miƙe yake, yakan warke da wuri. Wanda aka yaga kuwa rauninsa ya fi faɗi, yana zubar da ruwa da yawa, cututtukan tsiro kuma suna samun ƙofar shiga.

Idan layin ciyawa ya rage a tsakiyar hanyar da tarakta ta bi, ko ƙarshen wuƙaƙe ya cinye, ko direba yana gudu, ko totur bai cika ba. Idan yankan ya fito kamar matakala, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, to kwano ya karkace, ko taya ɗaya ta rage iska, ko wuƙa ta lanƙwashe. Idan ana ganin wuraren da aka aske har ƙasa ta fito, an saukar da kwano fiye da kima a fili mai tudu da kwari. Idan kuma tulin ciyawa ne yake zubewa nan da can, ciyawar jiƙaƙƙiya ce, ko ta yi tsawo, ko ƙarƙashin kwano ya toshe.

Akwai alamun da ke jikin injin kansa. Jijjiga da ba a saba ji ba, shan fetur fiye da dā, da nishin inji a ciyawar da a dā yake wucewa da sauƙi, duka suna nuna a duba wuƙa.

CIRE WUƘA DA WASA TA

Wannan aikin manya ne, ko na manyan ɗalibai a gaban malamin koyar da sana'a. Kafin hannu ya shiga ƙarƙashin kwano, a kashe inji, a zare makulli, a ɗaure birki, a cire wayar fulogi. Dalilin cire wayar shi ne, a injin turawa wuƙa a jikin injin take ɗaure kai tsaye, juya ta da hannu daidai yake da jan igiyar tayarwa. Idan za a karkata injin turawa, a bar gefen kafireta da matatar iska a sama, don kada baƙin mai ya gangara cikinsu. Tarakta kuwa gara a cire kwanon gaba ɗaya a jawo shi waje, da a ɗaga ta a kan duwatsu mutum ya shiga ƙarƙashi.

A sa safar hannu mai kauri. A tokare wuƙa da guntun katako don kada ta juya, a kwance noti da sifana daidai girmansa. Tun ba a cire ba, a sa alama da alli a fuskar da ke kallon ƙasa, a kuma lura da yadda aka jera washa. Kuskuren da aka fi yi shi ne mayar da wuƙa a kife. Fiffike sama yake kallo, wajen kwano. Wuƙar da aka kifa da bayanta take dukan ciyawa, tana kuma tura iska ƙasa.

A kankare dattin jikinta, a duba ta a haske. Idan akwai tsagewa ko da ƙarama ce, ko fiffike ya yi siriri, ko ramin tsakiya ya buɗe, aikin ya ƙare a nan, sabuwa ake bukata. Idan lafiyayya ce, a ɗaure ta da kyau a bencin aiki, a wasa da magagari. Fuskar sama kaɗai ake wasawa, inda masu ƙera ta suka yi gangare, ta ƙasa a bar ta a shimfiɗe. A bi gangaren asali, wanda yawanci kusurwarsa digiri 30 ce. 'Yan ajin lissafi za su tuna cewa a kusurwar digiri 30, tsawon gangare ninki biyu ne na tsayi. To idan kaurin wuƙa milimita 4 ne, faɗin gangaren ya zama milimita 8. Da rula kaɗai ana iya tabbatar da wannan.

Kada a wasa ta kamar askar wanzami. Kaifi mai siriri ƙwarai yana naɗewa a cikin mintocin farko na aiki. Abin da ake so shi ne baki mai tsabta wanda ya rage ɗan kauri kamar rabin milimita. Ƙananan ɓantarewa ba sai an bi su duka an shafe ba, gama garin gyaran gira akan rasa ido, a cinye ƙarfe mai yawa a banza.

Idan da injin wasa za a yi, a sa tabarau na kariya, a riƙa taɓawa kaɗan-kaɗan ana tsoma wuƙar cikin ruwa. Duk inda ƙarfe ya yi shuɗi, zafi ya kashe taurinsa, wurin zai dakushe nan da nan. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ba a kai wuƙar inji maƙera a sa ta a wuta a miƙe, ba a kuma yi mata walda. Maƙeri gwani ne wajen fartanya da lauje, amma babu fartanyar da ke gudun kilomita 300 a awa. Masu ƙera wuƙar inji sun dafa ƙarfenta ne yadda zai lanƙwashe idan ya yi karo, maimakon ya farfashe. Wuta da walda suna rushe wannan shiri. Haka nan wuƙar da aka yanko daga sifirin mota, ko da ta yi kama da ta asali, babu mai tabbacin abin da za ta yi ranar da ta gamu da dutse.

DAIDAITA NAUYI

Bayan wasawa, kai biyu na wuƙa dole su yi nauyi ɗaya. A kafa ƙusa a bango, a rataya wuƙar ta ramin tsakiya a kwance. Idan gefe ɗaya ya sauka, shi ne mai nauyi, a ƙara wasa shi kaɗan a sake gwadawa har ta tsaya daidai.

Wani zai ce, mene ne giram biyar a jikin ƙarfe? Ga amsa daga ajin kimiyya. Giram 5 na ƙari a ƙarshen wuƙa mai inci 21, tana juyi 3,000 a minti, yana fizgar sandar da take ɗaure a kai da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 13, fizgar kuma tana zagayawa sau 50 a daƙiƙa. Wannan ne yake kashe boris, ya kwance notuna, ya tsaga kwano. Kuɗin waɗannan ya ninka na wuƙa, samun su a kasuwa kuma ya fi wuya.

Sa'ad da za a mayar da ita, a ɗaure noti gwargwadon yadda littafin injin ya ce. Sa'an nan a gwada ko ta lanƙwashe: a auna daga daɓe zuwa ƙarshen wuƙa, a juya ta rabin zagaye har ɗaya ƙarshen ya zo daidai wurin, a sake aunawa. Idan bambancin ya wuce milimita 3, ko wuƙar ko sandar ta lanƙwashe.

DAIDAITA KWANO

Sabuwar wuƙa ma ba za ta yi yanka mai kyau a karkataccen kwano ba. A kai tarakta kan daɓen siminti mai shimfiɗa. A fara da tayoyi, domin kwanon a jikin tarakta yake rataye, idan taya ɗaya ta yi laushi shi ma ya karkata. A ba kowace taya iskar da littafi ya faɗa, na hagu da na dama su zama ɗaya. Tayoyin nan ba su shan iska da yawa kamar na mota, a gaya wa mai faci haka.

Sa'an nan a juya wuƙaƙe su kalli gefe da gefe, a auna ƙarshen na hagu da na dama daga daɓe. Kada bambanci ya wuce milimita 3. A sake juya su su kalli gaba da baya. A nan ba daidai ake so ba, gaba ya fi baya sauka da milimita 3 zuwa 6. Hikimar ita ce a yanki kowane ganye sau ɗaya, a gaba. Idan baya ne ya fi sauka, wuƙa za ta yanka a gaba ta sake yanka a baya, inji ya yi aiki biyu, kan ganye ya ragargaje, fetur ya tafi. A duba bel kuma, idan ya saki ko ya tsattsage wuƙa ba za ta kai gudunta ba ko da inji yana ta ruri.

HALIN MAI YANKA

Ciyawa daga gindi take tsirowa, kusa da ƙasa, shi ya sa dabba take kiwonta ta sake fitowa. Amma ganye shi ne madafar abincinta. Idan aka kwashe yawancinsa a yanka ɗaya, saiwa takan dakata da girma, ciyawar ta yi rauni. Ƙa'idar da masu kula da filaye suke bi ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a lokaci guda. Idan ana so fili ya tsaya a santimita 4, a yanka sa'ad da ya kai 6. Kiri-kiri, wadda ita ce ta fi dacewa da filin ƙwallo domin tana yaɗo tana jure tattaki, tana zama lafiya a tsakanin santimita 3 da 5.

Akwai jarabar a aske fili ƙasa-ƙasa domin a daɗe ba a sake yanka ba. A duba abin da ke biyo baya. Ciyawa ta yi rauni, sanƙo ya bayyana, ƙarangiya da aya-aya su sami wuri, wuƙa ta riƙa zuƙar yashi daga sanƙon ta cinye da wuri, dakusasshiyar wuƙa ta ƙara raunana ciyawar da ta rage, ruwan sama kuma ya fara zaizayar ƙasa. Ɗaga kwano da rami ɗaya ko biyu yana tsayar da wannan duka.

Dogon hutu yakan faɗo a tsakiyar damina, a dawo a tarar ciyawa ta kai gwiwa. Kada a tura tarakta cikinta kai tsaye. A fara sarewa da langa-langa, a kwashe, a tsince abin da ke ɓoye a ciki, sa'an nan a bi da inji a matakinsa na sama, a riƙa saukarwa kaɗan-kaɗan bayan kwana uku ko huɗu.

A yi yanka bayan raɓa ta bushe, ba da sassafe ba, ba kuma bayan an ɗauke ruwa ba. A cika totur, a rage giya. Mutane da yawa suna yin akasin haka da nufin tattalin fetur, amma rage totur rage gudun wuƙa ne da ƙarfin iska. Kowane layi ya ɗan hau kan wanda ya gabata da faɗin tafin hannu. A riƙa canja fuska, wannan mako daga raga zuwa raga, mako mai zuwa daga gefe zuwa gefe, don kada taya ta yi kwari. A wurin yashi tsantsa da kan hanya a tsayar da wuƙa a wuce. Idan filin mai yashi ne, a nemi wuƙa mai gajeren fiffike wajen saye, gama ba ta zuƙar ƙasa kamar mai dogon fiffike.

SAU NAWA ZA A WASA?

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a wasa bayan awa 20 zuwa 25 na aiki. Cikakken filin ƙwallo tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa 68. Tarakta mai yankan kimanin mita ɗaya za ta yi layi 68, tafiyar fiye da kilomita 7 ke nan, wajen awa ɗaya da rabi idan aka haɗa da juyawa. Idan aka ƙara sauran harabar makaranta, awa 25 ba za ta wuce wata ɗaya ko biyu na damina ba. A ƙasa mai yashi kuwa gara a riƙa dubawa bayan kowace awa 10. Kuma duk lokacin da aka ji wuƙa ta daki wani abu, a kashe inji a duba nan take.

Abubuwa biyu za su sauƙaƙa wannan. Na ɗaya, a ajiye wuƙaƙe kashi biyu, ɗaya a jikin inji, ɗaya a wase tana jira. Na biyu, a ajiye ɗan littafi a ɗakin kaya, mai yanka ya rubuta rana, da awoyin da ya yi, da ranar da aka wasa. Wannan littafi ne zai nuna wa ma'aji abin da zai sa a kasafin shekara. Idan damina ta wuce, a kankare ƙarƙashin kwano, a shafa wa wuƙa mai, a juye fetur, a ajiye injin inda ƙurar hunturu ba za ta cika shi ba.

RABON KOWA A CIKIN AIKIN

Ɗalibai suna da babban rabo ko da ba su taɓa sitiyari ba. Kafin a yi yanka, aji ɗaya ya jeru ya taka filin daga wannan kai zuwa wancan, a tsince duwatsu, kwalabe, waya, da ƙasusuwa. Aikin minti goma sha biyar ne. Wanda ya aza duwatsu a matsayin raga da yamma, ya kwashe su kafin ya tafi. Sa'ad da inji yake aiki, kowa ya bar filin, musamman yaran gidajen malamai da na makarantar Lahadi, waɗanda ƙarar tarakta take jawo su. Ba a ɗaukar fasinja a kanta, ba a kuma cire murfin ƙofar da ciyawa ke fita, ƙofar kuma kada ta kalli tagogin aji ko hanyar da mutane suke bi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara kada yaron da bai kai shekara 12 ba ya tura injin yanka, wanda bai kai 16 ba kuma kada ya tuƙa na hawa. Mai yanka ya sa takalmi rufaffe da dogon wando, silifa ba ta wannan aiki ba ce.

Ga hukumar makaranta da dattawan ikilisiya kuma, sa'ad da Baba mai kula da fili ya zo ya ce wuƙa ta ƙare, a saurare shi, a je a duba gindin fiffiken tare da shi. A sayi wadda lambarta ta dace da injin, mai tsawo ɗaya da rami iri ɗaya, ko da ta fi tsada. A cikin kayan tarakta duka wuƙa tana cikin mafi araha, amma lafiyar boris, da kwano, da ciyawa, da ƙafafun 'yan ƙwallo, da idanun masu wucewa sun dogara a kanta. Rigakafi ya fi magani. Kafin ruwan farko na baɗi ya sauka, a fito da injin, a duba wuƙa, a auna kwano, a buɗe sabon shafi a littafin ɗakin kaya.